Birkin Hagu a Bogota

Abu na farko da Bogota ta karɓe mini shi ne numfashi. Na sauka daga jirgi na uku a tafiyar, da jaka ɗaya wadda ba ta kai rabin buhun gishiri nauyi ba, na hau 'yar matakala, sai ga ni tsaye ina haki kamar wanda ya tura tifa. Na ɗauka gajiyar hanya ce. Daga baya aka gaya mini garin a saman duwatsu yake zaune, iskarsa ba ta da kauri, sai ka ja sau biyu kafin ka samu na sau ɗaya.

Sunana Sabo, sana'ata duwatsu. Ba da ita na fara ba. Na fara da facin keke a bakin tashar Nyanya, daga nan na koma kai kalanzir wuraren da ake gini a cikin gari, jarka huɗu a bayan keke, in hau tudun Kugbo da su ba tare da na sauke ƙafa ba. Da farar hula suka karɓi mulki kuɗi ya shigo Abuja, otal-otal suka cika da baƙi, sai na lura wasu daga cikinsu koren dutsen da ake haƙowa wajen Akwanga suke nema, wanda malamai ke kira zumurrudu. Na fara sayowa daga hannun masu haƙa ina kai musu, har na buɗe shago a Gudu.

Abu ɗaya ya hana ni sakat. Duk baƙon da na buɗe wa takarda sai ya taɓe baki ya ce wannan ba zumurrudu ba ne, koren dutse ne kawai, ya saya da arha, wata mai zuwa kuma ya dawo yana tambaya ko akwai saura. Mutum ba ya hawa jirgi sau biyu saboda tsakuwa. Na ƙudurta sai na ji gaskiyar kayana daga bakin wanda ba saya zai yi ba, in kuma ga an yanka ɗaya an goge a gabana. Kowa ya ce a Bogota, babban birnin Kolombiya, gwanayen suke. Na zaɓi duwatsu goma sha ɗaya, na yi musu takardun fita, matata Hajara ta ɗinka mini aljihu a cikin 'yar shara, daidai ƙirjin hagu. Maƙwabtana a Gudu suka yi ta dariya. Wani ya ce, "Oga Sabo, in ka dawo da farin garin nan, hodar iblis, mu ba mu taɓa saninka ba."

Mutum ɗaya na sani a garin, shi ma a waya: Ramiro, wanda wani mai saye ya haɗa ni da shi. Ya zo masaukina da mota mai kyau da Turanci mai santsi, ya kai ni wani ofis a hawa na biyar. Abin da na fara lura da shi, labule a rufe yake, fitila a kunne, alhali rana tsaka ce. Mu ko a Akwanga ba ma duba dutse sai a hasken rana. Na buɗe takarda.

Ya juya su da ɗan ƙarfe, ya yi ajiyar zuciya. "Abokina, ka yi doguwar tafiya a banza. Waɗannan ba su fi fasasshen kwalba ba. Amma don kada ka koma da kaya, bar mini su, in ba ka kuɗin otal."

Ban kalli fuskarsa ba, hannunsa na kalla. Yana magana babban yatsansa yana kan dutse ɗaya, wani mai kusurwa shida da ɗan baƙi a gindi. Na shekara ashirin a kasuwa. Wanda ya raina kaya turo maka su yake yi.

Na ce, "Tun da kwalba ce, bari in koma da ita. Yarana suna son wasa."

Sai da na ɗan ja takardar kafin yatsan ya ɗaga. Bai mayar da ni masauki ba, kuma daga ranar wayarsa ba ta ƙara shiga ba. Na tare tasi da katin masaukin a hannu, direban ya zaga da ni gari har na ga wani mutum-mutumi sau biyu.

Kwana huɗu na yi kamar kurma. Ba mai jin Turancina, ni kuma Sifaniyanci ko gaisuwa ban iya ba. Ƙwai da burodi kawai nake ci don tsoron alade. Ba kiran salla, sai in duba agogo in kintaci gabas. Kaina kamar ana dakan sakwara a ciki, ga sanyin da ke shiga ƙashi. Matar da ke riƙe da masaukin, wata dattijuwa gajera, ta gan ni zaune a matakala na dafe kai, ta shiga ciki ta fito da kofi mai tururi. Na yi jinkiri. Ta koma ta ɗauko abin da ta jiƙa ta nuna mini: wani dunƙule ja-ja. Na lasa. Mazarƙwaila ce, irin wadda muke saya a Maƙarfi, ba bambanci ko kaɗan. Na sha ruwan nan da lemon tsami a ciki, sai na ji idona ya kawo ruwa, na ce mata tururi ne. Ba ta ji ba, amma ta gyaɗa kai.

A kan teburinta na ga wata takardar talla mai hotuna, an rubuta da Turanci: yawon ganin tsohon gari a kan keke, da jagora mai jin Turanci. Zan ajiye ta sai hoto na ƙarshe ya tsayar da ni. Wasu maza ne tsaye a wani fili, kowa da farar takarda a naɗe, ɗaya ya ɗaga tasa sama yana kallo da ido guda. Ko a mafarki na ga wannan tsayuwar na san dillalai ne. Jirgina jibi da yamma yake. Ni ba yawon buɗe ido ya kawo ni ba, amma ga hanya ga tafinta a kuɗi ɗaya.

Washegari da safe na je. Jagorar mace ce, sunanta Marta, siririya, ba za ta wuce shekara talatin ba. Turawa shida ne tare da mu, cikinsu da wani tsohon Bajamushe mai farin gemu. Na nuna mata hoton na ce nan nake so.

Ta ce, "Shi ne zango na ƙarshe, bayan awa huɗu."

"A fara da shi mana."

"Mista Sabo, in na fara da ƙarshe me zan nuna wa waɗannan?" Ta dubi kaftanina da takalmina. "Ka iya keke kuwa? Ƙa'idata ɗaya ce: wanda ya gaza ko ya ji ciwo, tasi nake saka shi, mu mu wuce."

Na ce, "Madam, ina gyaran keke kafin a yaye ki."

"To, ka gyara wandonka kada sarƙa ta ci."

Na cusa ƙafar wando cikin safa, na ɗora hular kwano a kan tawa hular, muka tashi.

Zangon farko babban dandali ne, da coci mai hasumiya biyu da tattabaru kamar an zubo su daga buhu. Marta tana ba da tarihin waɗanda suka gina da waɗanda aka kashe a wurin, Turawa suna ɗaukar hoto, ni ina kallon sama. Mai masauki ta riga ta nuna mini da hannu cewa ruwa da rana yake saukowa a garin, kuma na san dillalin dutse ba ya tsayawa bayan haske ya tafi. Daga nan muka miƙe shimfiɗaɗɗen titi zuwa kasuwar kayan marmari. Marta ta yanka mana wasu 'ya'yan itace da ban taɓa gani ba, wani kamar majina a ido amma zaƙi kamar zuma. Wata mai sayarwa ta taɓa hannun rigata ta yi magana, aka yi dariya. Marta ta ce tana tambaya ko ni limami ne, in yi mata addu'a mijinta ya daina shan giya. Na ce a gaya mata addu'a kyauta ce, amma ta riƙa ɓoye kuɗin cefane. Matar ta ƙara mini ayaba biyu.

Mun wuce maƙabarta mai gidaje kamar unguwa, mun wuce bangaye masu zane tun daga ƙasa har sama. Duk wannan a kwance ne, kuma duk da haka ƙirjina yana ƙuna. Sai muka juya muka fuskanci dutsen da ke tsaye a kan garin, mai farin coci a ƙololuwa, hanya ta fara hawa.

Keken yana da giya, na ƙi taɓawa. Keken da na sani ba shi da wannan, ƙarfi ake sa masa. Na miƙe tsaye a kan feda kamar yadda nake yi a Kugbo. Ban yi nisa ba gabana ya fara duhu, kunnena yana ƙara. Tsohon Bajamushen ya zo ya wuce ni a zaune, ƙafarsa tana juyawa kamar mai ɗinki, har da ɗaga mini hannu. Marta ta dawo baya ta jera da ni.

"Danna wannan da babban yatsa. Sau uku."

"Wannan ai wasan yara ne. Ƙafa tana gudu keke yana tsaye."

"Tasi kuma yana gudu sosai. In kira?"

Na danna. Feda ta yi laushi, na zauna, na riƙa ja biyu ina fitar da ɗaya. Ban ƙara kallon saman tudun ba, tayar gaba kawai nake kallo, ina ambaton Allah a kowane juyi. Ni ne na ƙarshe da ya iso, amma ban sauke ƙafa ba. Daga can garin gaba ɗaya yana shimfiɗe a ƙasa, jan bulo har iyakar gani. Hadari kuma ya taso ta bayan dutsen, baƙi ƙirin.

Saukowa ta cikin tsohuwar unguwa ce, lunguna matsattsu, gidaje masu baranda ta katako, ƙasa an jere ta da duwatsu masu sulɓi. An fara yayyafi. Ina da wata ɗabi'a tun da na bar gida: kowane ɗan lokaci sai na kai hannun dama ƙirji na taɓa aljihun. Keke yana girgiza a kan duwatsun nan, sai na ji kamar takardar ta motsa, na saki hannun dama na dafa. Daidai nan wani mai kura ya fito daga lungu. Hannun hagu ne kawai a kan keke, na matse birki da ƙarfi, hankalina kwance, domin duk keken da na taɓa hawa ko na gyara a rayuwata, hagu birkin baya ne.

A can hagu na gaba ne. Tayar gaba ta ƙame, ta baya ta tashi, na bi ta saman kan keken na sauka da kafaɗa da gwiwa.

Kafin in san ko ƙashina yana nan, na san duwatsuna suna nan a aljihu. Wando ya yage, gwiwa tana jini, tafin hannu ya saɓule. Mai kurar ya ɗaga ni yana ta magana. Marta ta wanke ciwon ta ɗaure, fuskarta ba wasa, ta ciro waya.

Na ce, "Me za ki yi?"

"Tasi. Asibiti, daga nan masauki."

"Saura nawa mu kai?"

"Gangara uku, duk sun fi wannan. Ba zan bar ka ka sake hawa ba. Na ga abin da ya faru, hannunka bai san birkin nan ba, zai sake yi."

Gaskiya ta faɗa. In na ce zan kiyaye ƙarya ne, hannu ba ya shawara da kai idan abu ya taso. Na dubi hadarin, na dubi keken.

Na ce, "Hannun ya shekara arba'in a haka, ba zai canza yau ba. Keken zan canza. Ba ni sufana."

"Me?"

"Sufana da filaya. Na gan su a jakarki. Minti goma. In ban gama ba ki kira tasin, ni zan biya."

Ta duba agogo ta miƙo mini. Na durƙusa a kan gwiwa mai lafiya, na sassauta wayoyin birki biyu daga ƙasa, na zare kawunansu daga hannuwan, na musanya, ta baya ta koma hagu, ta gaba ta koma dama. Numfashi yana yankewa, amma wannan aikin ko ido rufe zan yi shi. Tsohon Bajamushen ya riƙe mini keken ba tare da na roƙa ba. Na ɗaure, na juya taya, na matse, na ƙara ɗan ja. Marta ta karɓa ta gwada da kanta, gaba da baya, sau uku.

Ta ce, "Minti bakwai. Hannu biyu a kan keke, Mista Sabo. Ko me ke cikin rigar nan, ba zai gudu ba."

Ashe ta lura tun da safe.

Mun iso filin yayyafi yana ƙaruwa, rabin dillalan sun watse, sauran sun fake a bakin wani shagon shayi. Marta ta sallami Turawa su sha kofi, ta ce tana da minti ashirin. Suna ganin baƙo suka yo kaina, kowa da takardarsa. Ban buɗe tawa ba. Na bi hannuwansu da kallo. Masu zobe da agogon zinare na wuce su. Can gefe wani tsoho yana shan shayi, bai ko taso ba. Farcen babban yatsansa da na manuni sun cinye har tsoka, fatar wurin ta yi fari. Na ga irin wannan hannun a wurin masu wasa wuƙa. Na ce wa Marta, "Wancan."

Sunansa Eliyas, na kira shi Baba Iliya, ya karɓa. Shekara da shekaru yana yankan dutse a wani ɗaki a saman shagon. Ya ƙi duba komai a ƙasa. Muka hau, gwiwata tana kuka a kowane taki, ya buɗe taga har ƙarshe, ya kashe fitila, ya shimfiɗa takardata a hasken da ya rage. Ya ɗiga wa kowane dutse ruwa, ya ɗaga, ya juya. Sai ya fara turo mini su ɗaya bayan ɗaya da bayan yatsa. Takwas ya turo.

Marta ta ce, "Ya ce waɗannan dangin zumurrudu ne amma launinsu bai nuna ba. A yi 'yan kunne masu arha da su. Biyun nan na gaske ne, sai dai sun tsage a ciki, za su fashe a kan injin."

"Na ƙarshen fa?"

Mai kusurwa shida ne, mai baƙi a gindi. Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Ya yi magana gajeriya.

"Ya ce wa ya ba ka wannan?"

"Ki ce masa daga ƙasarmu aka haƙo."

"Ya ce bai san ana samun irinsa a can ba. In kana so ya yanka, sai ka bar shi, ka dawo gobe da rana."

In bar dutsen da ya kawo ni duniyar nan a hannun mutumin da na sani minti goma, ba shaida sai wata mai keke. Na dubi takwas ɗin da ke gabana. Wanda zai cuce ni da ya yaba su duka, ko ya kushe su duka. Na tura masa dutsen, muka yi musafaha, ya ga tafina a ɗaure ya riƙe a hankali.

Kafin in mayar da keken sai da na mayar da wayoyin birkin yadda na same su, kada gobe hannun wani ya yi abin da nawa ya yi. Da la'asar na kira Hajara na gaya mata. Ta ce, "Baban Ummi, kai da ba ka bar wa ƙaninka makullin shago? Iskar garin ce ta taɓa ka?" Na ce wataƙila. Ta ce in shafa man zafi a kafaɗar, in daina hawa keken mutane.

Washegari na je da ɗingishi tun kafin azahar. Baba Iliya ya buɗe takarda: abin da ke ciki bai kai rabin wanda na bari ba. Kafin in yi magana ya buɗe takarda ta biyu. Ɓarɓashi ne da 'yan gutsattsari, har da baƙin gindin nan, ya tara mini su duka. Ya jera su kewaye da yankakken, ya nuna mini inda kowane ya fito. Sannan ya ja ni taga ya ɗora dutsen a tsakanin yatsuna biyu. Na sayar da koren dutse shekaru, amma ranar na fara ganin abin da nake sayarwa. Haske yana shiga ya ƙi fita.

Na sauko fili na ɗaga shi sama da ido guda, yadda suke yi. Dillalai suka kewaye ni, masu zoben ne a gaba. Ana cikin haka Marta ta iso da sababbin Turawanta, ta jingina keke ta kutso.

Ta ce, "Suna gardama ne. Wannan ya ce daga raminsu na gabas aka haƙo shi, wancan ya ce ƙarya ne, na yamma ne. Suna so ka raba su."

Na ce, "Ki ce musu Akwanga."

"Ina ne nan?"

"Daga Nyanya ki miƙe, ba kwana. Amma ki zo da naki keken."

Na naɗe takardata na mayar aljihun Hajara.

Ban sayar da shi ba. Yana cikin durowar teburina a Gudu. Wata biyu bayan na dawo, wani tsohon mai sayena ya zo shago, na buɗe masa sabon kaya a bakin ƙofa, a rana. Ya juya su, ya taɓe baki, ya ce ai koren dutse ne kawai. Na jawo durowa, na ajiye yankakken a gefen ɗanyun. Na zuba masa shayi, na koma kujerata, ina kallon inda babban yatsansa zai sauka.